Wayar Kawu a Kashe Take

Lokacin da ma'aikaciyar banki ta kira, Manaja na tsugune a gindin mota tana wanke bakanike da faɗa, don ya kwance giyar motar tun safe ya baje ta a ƙasa ya tafi yawonsa. Ta goge hannu da tsumma, ta ɗauki wayar da fara'arta, a zatonta albishir za a yi mata.

"Ranki ya daɗe, a kan cakin nan ne da kika kawo jiya," in ji ma'aikaciyar. "Kina zaune?"

"A tsugune nake. Faɗi kawai."

"Bankin da ke da cakin sun dawo mana da shi. Jabu ne. Asusun da ke jikinsa an rufe shi tun bara, hatimin ma na bogi ne."

"Wane irin jabu? Ai saƙo ya shigo mini! Da idona na ga kuɗin."

"Saƙon cewa ya yi an ajiye caki a asusunki, bai ce kuɗi sun zauna ba. Na sha gaya miki, sai bankin can ya amsa tukuna. Ina fata dai ba ki saki kaya ba?"

Manaja ta miƙe tsaye. Ta juya ta dubi wurin da babbar motarsu ke kwana, babu komai sai tabon baƙin mai a siminti. Kaya kam sun bar gareji tun da hantsi, tsohon direbansu Kawu ne ke tuƙa motar.

Ga yadda sana'ar take, don kada a ɗauka abin wasa ne. Kamfanin jigilar kaya ne ɗan ƙarami: motoci uku, sito ɗaya, da ofis mai fankar da ƙararta ta fi iskarta yawa. Mahaifinta ya kafa shi, da ya rasu yayanta ya riƙe, da shi ma ya tafi sai ya faɗo hannunta. Tun daga nan kowa ke ce mata Manaja, har Innarta in tana son tsokana. Rabin abincin kamfanin daga hannun mutum ɗaya yake fitowa, wani dattijo mai sayar da janareta, aminin mahaifinta, wanda ke ajiye kayansa a sitonsu. In mai saye ya zo daga nesa, ta hannun kamfanin yake biya, kuɗi su zauna, sannan mota ta tashi. An rubuta, an sa hannu: duk kayan da aka saki kafin kuɗi su zauna, asararsu a wuyan kamfani take. Kayan da ke kan motar nan yau kuwa, ko an sayar da motocin uku da siton har da fankar, da ƙyar a biya su.

Wanda ya kawo cakin wani ɗan kwangila ne, mutum mai ƙamshin turare da ladabi kamar ya kwanta maka a ƙasa. Ya sha zuwa yana sayen ƙananan janaretoci, yana biya da caki, cakin na wucewa sumul. Ya san sunan maigadi, yana tambayar ciwon ƙafar Inna. Jiya ya shigo a gigice, wai masu duba aiki za su zo jibi su ga asibitin da yake ginawa, in suka tarar babu wuta an ƙwace kwangilar ke nan, yana son manyan janaretocin da ke siton gaba ɗaya. Har da ƙwalla a idonsa, munafuki! Manaja ta kai cakin banki da kanta. Da safe saƙo ya shigo da lambobi reras, ɗan kwangila kuma na ta kira yana haɗa ta da Allah. Sai ta ce a loda. Matar da ke gane direban da ya sayar da mai tun kafin ya buɗe baki, ita ce yau aka ci da ladabi.

Ta faɗa ofis da gudu har takalminta ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa. Akawu, wani mutum mai sanyin hali da ke yawo da tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi, ya miƙe tsaye.

"Lafiya, Manaja?"

"Mun shiga uku. Kira mini Kawu!"

Akawu ya dube ta ta saman tabarau. "Kawu fa yana kan hanya."

"Na san yana kan hanya! Kira shi na ce!"

Ya kira. Wayar a kashe. Ta fizge ta kira da kanta, ta sake kira da tata, sai ka ce wayar za ta ji tsoronta ta kunna kanta. A kashe dai take.

Ba kuwa laifin kowa ba ne, dokarta ce. Yayanta a kan sitiyari ya mutu, da waya a kunne, yana ba wani mai kaya haƙuri a kan jinkiri, ya shige ƙarƙashin tirela. Ranar da ta hau kujerar nan, tun kafin ta san inda ake ajiye hatimi, ta tara direbobi ta ce musu daga yau kafin a murɗa makulli a kashe waya a jefa ta akwatin gaban mota, kuma ba a kunna ta sai an zare makulli. Ta taɓa korar direba a kan wannan, mai iyali da yawa, aka yi ta roƙonta ta ƙi. Sauran direbobin kan yi 'yar satar kunnawa in sun yi nisa, kowa ya sani. Amma ban da Kawu. Ƙanin Innarta ne, shi kaɗai ya rage wa Inna a ɗakinsu, kuma shi ya je ya ciro gawar yayan nata daga cikin ƙarfe. Ko sama da ƙasa za su haɗe, Kawu ba ya taɓa waya da makulli a jikin mota. Ga shi ba ya ɗaukar yaron mota, wai surutunsu na sa shi ciwon kai, tunda motarsa mai ƙugiya ce, ita ke ɗaga kaya ta sauke da kanta.

Abin da ya rage musu shi ne allon kwamfuta. Akwai 'yar na'ura da aka liƙa wa kowace mota, tana nuna ta a taswira kamar ɗigo: kore in inji na aiki, ja in an kashe. Ga ɗigon Kawu nan, kore shar, yana tafiyarsa a natse, ya riga ya ci fiye da rabin hanya. Ko ta ɗauki ƙaramar mota yanzu ta taka ta har ƙasa, ba za ta cim masa ba. Cikin sauran motocin biyu, ɗaya ga giyarta a ƙasa, ɗayar ta nausa wani gari da siminti.

Ta kira 'yan sanda. Na kusa suka ce abin ya fita daga yankinsu, amma ta zo ta rubuta bayani. Suka ba ta lambar na can, wani ya ɗauka, mutumin kirki, ya saurare ta har ƙarshe. Ya ce motarsu ɗaya ce kuma ta fita aiki, da ta dawo zai tura ta filin asibitin da aka ce a kai kayan. Ta ce masa don girman Allah, ta ce masa za ta zuba musu mai. Ya ce ba mai ne matsalar ba, motar ce ba ta nan.

Akawu ne ya tuna da mai shayin wani gidan mai da ke bayan gada, inda Kawu kan tsaya wani lokaci. Suka lalubo lambarsa. Manaja ta ce masa ya bar tukunya ya bar komai ya fita bakin titi, mota shuɗiya mai ƙugiya na tafe, ya tare ta ko da kwanciya zai yi a gabanta. Ta manne wayar a kunne tana kallon ɗigon yana matso gidan man, tana jin hakin mai shayi da rurin motoci. Sai ta ji ihunsa, ta ji hon mai tsawo, irin na Kawu. Ɗigon ya wuce, ko rage gudu bai yi ba.

"Me ya faru? Bai gan ka ba?"

"Ya gan ni mana, ranki ya daɗe. Ina ta ɗaga masa hannu biyu, shi ma ya ɗago mini, har da dariyarsa. Ya zaci gaisuwa ce."

Ta zube a kujera, ta rasa kuka za ta yi ko dariya, zufa na bin bayanta.

Ana haka wayarta ta yi ƙara. Ɗan kwangila ne. Akawu ya yi mata alama da hannu kada ta nuna masa komai.

"Manaja, barka da aiki. Ya ƙafar Inna? Na ce bari in ji ko direbanmu ya kusa."

Ta daidaita murya. "Ya kusa. Sai dai an yi ɗan kuskure a takardar kayan. In ya iso, don Allah kada a sauke komai, ka ba shi wayarka in yi masa bayani."

Ya ce, "Ba damuwa, ranki ya daɗe. Allah ya bar zumunci."

Da ta sake neman layin, ya mutu. Akawu ya sauko da tabarau na goshi ya ɗora a kan na ido. Ita ma ta gane da bakinta ta sanar da ɓarawo an gano shi.

Sai ga sallama a bakin ƙofa. Mai janareta ne, da sandarsa da ledar lemo a hannu, baki har kunne. Ita ce jiya ta kira shi ta yi masa albishir an saye manyan duka.

"'Yata! Ga takalminki can a waje yana gadi. Na ce bari in zo in sa miki albarka da bakina. Na riga na kira masu kayan na ce su kwantar da hankalinsu, makon nan zan sallame su. Kin san bashi na ɗauko su, rabona da barcin kirki har na manta."

Ta so ta yi masa ƙarya, wallahi ta so. Amma ta ce ya zauna, ta durƙusa a gabansa kamar yadda take yi tun tana yarinya, ta gaya masa komai, ba ta rage ba. Ledar ta suɓuce masa, lemon ya gangara ƙarƙashin tebur, babu wanda ya bi shi.

"Kin saki kaya a kan takarda?" ya ce a hankali. "Ke? 'Yar mutumin da ko ni ba ya sakar wa kaya sai ya ga kuɗi?"

"Baba, na yi kuskure. Amma kayan na kan mota har yanzu. Da Kawu ya tsaya zai kunna waya."

Suka jeru su uku a gaban allon. Can sai ɗigon ya rage gudu a wata mararraba, ya ɗan dakata, yana nan kore, sannan ya saki babban titi ya bi wata 'yar hanya da ba ta nufi filin asibitin ba. Manaja ta san abin da ya faru kamar tana wurin. Haka ake yi kullum a sana'ar: mai kaya ya turo ɗan jagora a babur ya tari direba, ya ce biyo ni, ƙofar gaba a toshe take. Kawu ba shi da dalilin ƙi. Ta sake kiran ɗan sandan nan tana kwatanta masa hanyar da ita kanta ba ta san sunanta ba. Ya ce motarsu ta dawo, amma ta riga ta nufi filin asibiti, bari ya nemi juyo da su.

Ɗigon ya tsaya a wani fili, bayan wasu gine-gine.

"Alhamdulillahi!" in ji Akawu. "Ya tsaya. Yanzu zai kunna."

Manaja ta danna kira. A kashe. Ta kuma dannawa. A kashe. Mai janareta ya matso har hancinsa na neman taɓa allon. "Ai ya tsaya! Me kuma yake jira?"

"Kore ne," ta ce, muryarta a dishe. "Bai kashe inji ba."

"To don me?"

Sai a lokacin abin ya faɗo mata. Ƙugiyar da injin mota take aiki. In za a sauke kaya, dole inji ya yi ta ruri har a gama. Ita kuwa ba ta ce a kunna waya in an tsaya ba, cewa ta yi sai an zare makulli. Shekara da shekaru haka Kawu ke yi: ya isa, ya sauke, a sa masa hannu a takarda, ya kashe mota, sannan ya kira ya ce an sauke lafiya. Ba ta taɓa ganin aibin hakan ba sai yau.

Kai, zaman nan ya yi azaba! Tana ganinsa a ranta, tsohon nan mai tsantseni, yana ɗaura sarƙa a jikin janareta, yana jan ta ya ji ta kama, yana ce wa ɓarayi su matsa kada ƙarfe ya danne musu ƙafa, yana dire kowanne a hankali cikin motocinsu don kada fenti ya kwarzane. Ta yi ta kira har babban yatsanta ya yi zafi. Ta yi duk addu'ar da ta iya, ta roƙi Allah ya sa man motar ya ƙare, ya sa ƙugiyar ta cije, ya sa Kawu sau ɗaya a rayuwarsa ya karya doka. Mai janareta ya koma kujera yana jan carbi da ƙarfi kamar zai tsinka shi.

Ɗigon ya koma ja. Kafin ta danna, wayarta ta yi ƙara.

"Salamu alaikum, Manaja. An sauke lafiya, ko kwarzane babu. Mutanen kirki, har ruwan sanyi suka sayo mini..."

"Kawu, ɓarayi ne! Cakin jabu ne! Suna ina?"

Sai ta ji numfashinsa ya sauya. "Innalillahi. Yanzun nan suka fita, motoci biyu. Na tsaya naɗe sarƙa ne. Ga ta bayan can tana hawa titi, ina hango ta." Ta ji an bugo ƙofa, ta ji inji ya tashi. A allo ɗigon ya koma kore. "Kada ki kashe, 'yar nan. Ki riƙa gaya mini inda hanyoyin suka ɓulla, ke kina ganin taswira. Tawa babu kaya, su suna da nauyi. Wallahi sai na tare su."

Mai janareta ya yi wuf ya miƙe, sandarsa ta faɗi. Ya kawo bakinsa kusa da wayar yana ihu. "Bi su! Allah ya yi maka albarka, bi su! Ka hau kansu in ta kama!"

Ɗigon ya fita daga filin da gudun da ba ta taɓa ganin Kawu ya yi ba. Ta wayar tana jin komai: kartar giya, hon, wani na ɗura ashar, ƙarar birki. Hannu ɗaya ke kan sitiyarin nan, ta sani, ɗayan na riƙe da waya a kunne. Tsohon da idonsa ɗaya ya fara yana, a cikin motar da ta fi ɗaki girma, a titi cike da babura da masu talla, yana bin mutanen da ba a san abin da ke ƙarƙashin kujerunsu ba. Tsoro ya kama ta, irin wanda cakin ma bai sa ta ba.

"Ina ganin su," Kawu ke cewa yana haki. "Gaba akwai mararraba. Dama ce ko hagu ke fita babban titi? Yi magana mana!"

Ta dubi taswirar. Hagu ce, kuma in ya yanke ta 'yar hanyar kasuwa zai riga su fita. Ta gani sarai, zai iya yiwuwa. Motoci uku, sito, sunan mahaifinta da ke jikin ƙofar gareji, duk za su tsira in ta ce hagu. Har ta buɗe baki. Sai ta ji wani birki mai tsawo, da ihun mace, da Kawu na salati, sannan injin ya ci gaba da ruri.

"Ba komai, ban taɓa ta ba," ya ce. "Dama ko hagu?"

"Kawu, sauka gefen titi."

"Me kika ce?"

"Ka sauka gefe, ka kashe motar."

Mai janareta ya kama hannunta da hannu biyu. Dattijo da furfurarsa ya zube gwiwa biyu a kan siminti. "'Yata, kada ki yi mini haka. Ki dubi girman Allah, ki dubi zaman da na yi da ubanki. In kayan nan suka tafi na ƙare. Ki bar shi ya bi su!"

Kuka take yi yanzu, kuka sosai har da majina, amma ba ta sauke wayar ba.

"'Yar nan, kin san abin da kike yi kuwa?" in ji Kawu. "Kamfanin ne fa zai tafi. Ni na sauke musu da hannuna, bar ni in gyara ɓarnata."

"Na sani. Ɓarnar tawa ce. Ba zan shiga gida in gaya wa Inna an sake ciro mata wani daga cikin ƙarfe ba. Ba roƙonka nake yi ba, Kawu. Manaja ce ke magana. Kashe motar."

Ta ji injin ya yi ƙasa, ta ji iskar birki ta huce. Ɗigon ya ja jiki zuwa gefe, ya tsaya, ya koma ja. A wayar babu abin da ke fitowa sai kukan tsoho.

Mai janareta ya saki hannunta. Ya dafa tebur ya miƙe da ƙyar, Akawu ya miƙo masa sanda, ya karɓa bai dube shi ba. Ya karkaɗe gwiwoyinsa, ya tsaya har numfashinsa ya daidaita. Da ya yi magana babu faɗa a muryarsa, kuma da faɗan ya yi da ya fi mata sauƙi.

"Takardun motocin nan uku, a nan suke ko a gida?"

"A nan suke, Baba."

"To, ɗauko su."